Wa Aka Fi Ba Ƙarfi? Labarin Wasan Yaƙin Rumawa Daga Kafanchan

 Na san wasu za su ce yau kuma me ya kawo zancen wasan kwamfuta, alhali ga batutuwa masu nauyi jibge a gabanmu, ga tsadar rayuwa, ga maganar takardar shaidar ɗan asali da ke hana ƙannenmu barci duk lokacin da aka buɗe ɗaukar aiki. To mai karatu ka yi mini haƙuri ka biyo ni a sannu. Wannan wasa da zan ba ka labarinsa ya sa na fahimci wani abu game da zamanmu a garin nan wanda na daɗe ina ji a majalisar manya ban gane ba.

Da farko dai ni haifaffen Kafanchan ne, mahaifina ma nan aka yanke masa cibiya. Kakana ne ya biyo hanyar jirgin ƙasa daga ƙasar Kano, a zamanin da garin ke tashe bayan ya zama mahaɗar layin dogo a 1927, kafin ma Sarkin Jama'a ya dawo da fadarsa nan a 1933. Sana'ar gidanmu fataucin citta. Baba yana saye a hannun manoma ta wajen Kwoi da Kachia, a shanya, a ɗura a buhu, a loda mota zuwa Dawanau. Duk da haka har gobe idan na ce ni ɗan Kafanchan ne sai a ce, "E, mun ji, amma asalinka fa?" Idan kuma na je Kano wajen dangi sai su ce ga ɗan kudu ya zo. Wanda ya taso irin tasowarmu ya san wannan tambaya.

A shekarar 2015, ina aji biyar na sakandare, Yayana ya sayo wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ta gwanjo domin rubuta lissafin shago. Batirinta ba ya kai minti arba'in, kuma idan ta yi zafi sai an ɗora ta a kan faranti. A cikinta na tarar da wani wasa mai suna Rome: Total War, wanda kamfanin Creative Assembly na ƙasar Ingila ya fitar a 2004. Da yake tsohon wasa ne, kwamfutar tana iya ɗaukarsa ba tare da ta yi ta shaƙewa ba. Tun daga ranar lissafin shago ya samu kishiya.

Ga wanda bai san shi ba, ga yadda yake. Ana ba ka taswirar duniyar da, daga Ingila zuwa Masar, daga Maroko zuwa Farisa, an yanka ta larduna fiye da ɗari. Wasan yana farawa a shekara ta 270 kafin Miladiyya, kowane zagaye wata shida ne, bazara da hunturu. Kai ne mai mulkin daula guda: ka sa haraji, ka gina kasuwa da hanya da ganuwa, ka ɗauki sojoji, ka aika jakadu da 'yan leƙen asiri. Idan rundunarka ta gamu da ta abokin gaba sai a sauko da kai filin daga, ka jera dakarunka da baradenka da kanka. Runduna ɗaya ba ta wuce ƙungiya 20. Wanda ya zaɓi gajeren wasa zai kama larduna 15 ya ga bayan wasu abokan gaba da aka ayyana masa. Mai dogon wasa kuwa sai ya kama larduna 50 har da birnin Rum.

Abu na farko da mutum zai lura shi ne ba a raba ƙarfi daidai ba, kuma ba a ɓoye hakan ba. Sabon ɗan wasa Rumawa kawai ake ba shi ya zaɓa, kuma su ma gida uku ne: Julii masu jar tuta a arewacin Italiya, Brutii masu kore a kudu, Scipii masu shuɗiya da ke fuskantar Sisili. Ga kuma Majalisar Dattawa zaune a Rum da rundunarta. Dukansu ƙawayen juna ne tun daga farko, wato bayanka a rufe yake, gaba kawai za ka kalla. Majalisa tana ba ka aiki, ka kama gari kaza, idan ka yi ta ba ka lada. Dakarun Rum suna da sulke da babbar garkuwa, suna jifa da mashi kafin su zare takobi. Sannan da zarar wani birni a Italiya ya kai mutum 24,000 aka gina masa babbar fada, sai sauyin da ake danganta wa Janar Marius ya zo, a ba Rumawa sababbin sojoji waɗanda kusan babu mai iya tsayawa gabansu.

Akwai matakan wahala guda huɗu: mai sauƙi, matsakaici, mai wuya, da mai tsananin wuya, kuma ana zaɓar na mulki daban, na filin daga daban. Da farko na ɗauka idan na ƙara wahala kwamfuta za ta ƙara wayo ne. Ashe ba haka ba ne. Wayonta yana nan yadda yake, sai dai a ƙara wa sojojinta ƙarfin sara da taurin zuciya, har ka ga talakawa masu sanduna sun tsaya wa ƙwararrun sojojinka. Bayan na daɗe ina bugawa na gane cewa ainihin wahalar ba a wannan maɓalli take ba. Tana wurin da aka ajiye ka a taswira, da maƙwabtan da aka ba ka, da abin da aka yarje maka ka gina. Mai tsananin wuya a hannun Brutii ya fi sauƙi a kan matsakaici a hannun wasu.

Ɗauki misalin mutanen Gol, wato Faransa ta yau, da Jamusawa da mutanen Birtaniya. Wasan ya sa su a sahun waɗanda Rumawa ke kira marasa wayewa. Garinsu idan ya kai matakin mutum 6,000 to ya tsaya ke nan, ba za su gina fadar mataki na gaba ba, ba su da ganuwar dutse sai shingen itace, alhali Rumawa da Girkawa suna wucewa zuwa 12,000 har 24,000. Ko kuma daular Salukawa da ke Sham da Iraƙi. A taswira ka gan ta doguwa kamar ba ta da iyaka, kuma idan ta rayu tana da sojoji masu ban tsoro: giwaye, 'yan lifidi, masu dogayen māsu. Amma a farkon wasa Masar na dukanta ta kudu, Fontus da Armeniya ta arewa, Fartiyawa ta gabas, ita kuma ba ta da komai sai 'yan sa-kai. Idan kwamfuta ce ke riƙe da ita, da wuya ta daɗe. Masar kuwa an ba ta ƙasa mai albarka da kuɗi kamar ƙasa, har ma aka yi mata sojoji irin na zamanin Fir'auna, alhali a wancan lokacin zuriyar Batlamus, Girkawa 'yan Makidoniya, su ke mulkin Masar.

Sai ka ci wata daula da yaƙi, ko ka gama wasa da Rumawa, sannan a buɗe maka ita ka buga. Ranar da aka buɗe mini Kartaj na bar Rumawa, kuma ban sake komawa ba. Dalili kuwa na karanta ɗan bayanin da ke gefe na ga fatake ne. Daga baya na bincika na ga cewa Finikiyawa ne daga birnin Taya da ke Lebanon ta yau, suka zo gaɓar Tunusiya suka kafa gari, bisa ruwayar da aka fi sani a shekara ta 814 kafin Miladiyya. Sunan garin ma a harshensu "sabon birni" yake nufi, kamar dai mu ce sabon gari. Sun yi ɗaruruwan shekaru a Afirka, an haifi kakanninsu a nan, amma har aka rushe su Rumawa suna kiransu da sunan ƙasar da suka baro. Wallahi da na karanta wannan sai na ji kamar an taɓo ni.

Amma buga Kartaj ba wasan yara ba ne. An warwatsa maka garuruwa: biyu a Tunusiya, ɗaya a Sisili, ɗaya a Sardiniya, ɗaya a tsibirin Balayar, ɗaya a Andalus. Kuɗi akwai, domin tashoshin jiragen ruwa suna kawowa, amma dakarun farko ragwaye ne, kuma ba ka da 'yan baka sai 'yan majajjawa da masu jifan mashi, sai fa ka yi hayar sojoji. Kafin ka gyara zama Scipii sun kewaye garinka na Sisili, Julii sun sauka Sardiniya. Abin dogaronka giwaye ne, su kuma idan suka firgita sai su juyo su tattake naka. Rumawa har wata ƙungiya gare su ta aladu da ake cinna wa wuta a saka su cikin giwaye. Ranar da aka fara yi mini haka sai da na rufe kwamfutar na fita waje na sha iska.

Ina da aboki tun aji ɗaya, ɗan Bajju, benci ɗaya muke zama. Hausarsa ta fi ta wasu 'yan unguwarmu, kuma ya fi ni sanin kwamfuta nesa ba kusa ba. Na kwafa masa wasan a filas ya sa a kwamfutar yayarsa. Bayan mako biyu ya same ni ya ce, "Malam, ka san akwai daulolin da suka kulle gaba ɗaya, ko ka ci su ba za a ba ka ba?" Ya nuna mini wani fayil mai suna descr_strat, inda aka jera sunayen daulolin kashi uku: waɗanda ake bugawa, waɗanda ake buɗewa, da waɗanda ba a bugawa sam. Ya yanko sunan Numidiya daga kashi na uku ya liƙa a na farko. Ya ce, "Ga 'yan ƙasa nan. Ku kun zo da jirgin ruwa, waɗannan kuka tarar." Muka yi dariya, amma daga ni har shi mun san ba wasan kaɗai yake nufi ba.

Daga nan gardama ta ɓarke tsakaninmu, kullum a hanyar makaranta. Ni ina cewa babu wanda aka zalunta a wasan nan kamar Kartaj: ta ko'ina a kewaye nake, kowa yana hangen dukiyata, Rumawa ta teku, 'yan Andalus ta tudu, ga Numidiya a bayana tana jiran in juya. Shi kuma ya ce, "Kai da ke da tashar jiragen ruwa da giwaye kake kuka? Zo ka ga nawa. Ƙasa ce mai faɗi amma rairayi ne, daga gari zuwa gari sai ka yi shekaru kana tafiya, baitulmali babu komai, sojojina babu sulke. Abin da nake da shi kawai mahaya masu jifan mashi. Idan ka ga dama yau ka taso da giwa biyu ka share ni." Kowa yana ganin ɗan'uwansa ne aka shafa wa mai a baki.

Da abin ya ishe mu sai muka yi yarjejeniya: mako guda ni in riƙe Numidiya, shi ya riƙe Kartaj, duka a mataki mai wuya. Mai karatu, abin da na gani ya ba ni kunya. Daga birnin Sirta, wanda yau ake kira Kusantina a Aljeriya, Kartaj ba ta yi kama da abar tausayi ba ko kaɗan. Dodo ce zaune a bakin teku, ta tare duk inda kuɗi ke shigowa, ni kuma ina ƙirga dinari kafin in ɗauki ƙungiya ɗaya. Duk lokacin da na ga farar tutarta ta doso iyakata sai gabana ya faɗi. Shi kuma ranar Litinin ya zo yana girgiza kai, ya ce, "Mutumina, ashe ba ka barci. Ni ban ma tuna da Numidiya ba, idona yana kan teku. Duk zagaye sai jirgin Rumawa ya sauke mini runduna." Taswira ɗaya ce, ba a canja ko da lardi guda ba, amma tsoron da ke cikinta ya danganta da kujerar da ka zauna.

Wannan ya sa muka koma ga tarihin gaskiya, kowa yana neman hujjar da zai ka da ɗan'uwansa. Shi ya kawo cewa a lokacin yaƙinta na farko da Rum, Kartaj ta riƙa karɓar rabin amfanin gona daga manoman Libiya da ke ƙarƙashinta, shi ya sa da sojojin haya suka yi tawaye a shekara ta 241 mutanen karkara suka mara musu baya. Ni kuma na kawo cewa mahayan Numidiya suna cikin waɗanda suka taimaki Hanibal ya ragargaza Rumawa a Kanai a 216, amma a Zama a 202 Sarki Masinisa yana gefen Rum, kuma bayan nan ya yi shekaru yana yagar ƙasar Kartaj, Rumawa suna kau da kai. Duka biyun gaskiya ne. Abin da ya biyo baya ne ya sa muka yi shiru: a 146 Rum ta ƙone Kartaj ta sayar da waɗanda suka rage bayi. Jikan Masinisa, wato Jugurta, ya mutu a kurkukun Rum a 104. A shekara ta 46 Kaisar ya mayar da gabashin Numidiya lardin Rum.

To bari in fito fili, tunda mu ya mu ne. Babu ɗan Kafanchan da bai san shekarun nan ba. Maris 1987, rikicin da ya faro daga Kwalejin Ilimi ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa. 1992, Zangon Kataf, a kan maganar sauya wa kasuwa wuri. Mayu 1999, a kan naɗin sabon Sarkin Jama'a. Waɗannan labari aka ba ni. Wanda na gani da idona shi ne na Afrilu 2011 bayan zaɓen shugaban ƙasa, wanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ya ci rayuka fiye da 800 a jihohi 12 na Arewa cikin kwana uku. A garuruwan can sama an ƙona coci-coci an kashe Kiristoci, a nan kudu kuma, a Zonkwa da Matsirga da Kafanchan, Musulmi ne suka fi shan wuya. Kasuwar Kafanchan ta ƙone, rumbun Baba yana ciki. Ina tuna warin citta da ta ƙone, ya yi kwanaki a hancina. Bayan nan gari ya rabu, har kasuwa ta zama biyu, aka samu wadda ake kira Kasuwar Yakowa.

Abin da na taso ina ji a majalisa shi ne mu 'yan tsiraru ne a tsakiyar mutane, an kewaye mu, idan abu ya tashi babu hanyar fita. Kuma gaskiya ne. Amma wata rana abokin nan nawa ya ce mini, "Ku kuna kallon taswirar ƙaramar hukuma ne, mu muna kallon ta jiha. A Kafanchan ku ne kaɗan. A Kaduna mu ne kaɗan. Ka ƙirga gwamnoni, in ban da Patrick Yakowa daga 2010 zuwa 2012, wane namu ne ya hau? Kakata har ta rasu tana ba da labarin yadda iyayenta ke hawa dutse idan mahaya suka zo neman bayi da gandu. Turawa suka zo suka ƙara ɗora mu ƙarƙashin sarakunanku. Sai zamanin Makarfi aka ba wasunmu masarautunsu." Na buɗe baki zan ce ai kakana ɗan tireda ne, bai taɓa hawa doki ba. Sai na tuna yadda farar tutar nan take idan an hango ta daga Sirta. Na yi shiru. Shi ma ban da rumbun Baba da na ambata masa, bai ce komai ba.

A watan Disamba 2016 aka sa dokar hana fita ta awa 24 a ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura da Zangon Kataf, saboda hare-haren da ake kaiwa ƙauyuka da zanga-zangar da ta biyo baya. Lokacin kakar citta ne, Baba ya riga ya ba manoma kuɗin kafin alƙalami, ga shi babu halin fita. Ni da abokina kowa yana ɓangarensa na gari, ko waya mun rage yi, domin ban san me zan ce masa ba, shi ma ina jin haka. Idan an ta da ƙaramin janareto da dare sai in yi caji in shiga wasa, kuma a kwanakin nan da zafin zuciya nake bugawa.

A wasan, idan ka ci gari ana ba ka zaɓi uku: ka zauna da mutanen yadda ka same su, ko ka kwashe rabinsu bayi, ko ka karkashe kashi uku cikin huɗu ka kwashi ganima. Kowane gari yana da 'yar fuska da ke nuna halin jama'arsa: kore suna murna, rawaya da dama-dama, shuɗiya ransu a ɓace, ja kuwa tarzoma. Garin da al'adarsa ta bambanta da taka, ko yake nesa da babban birninka, ko ya cika da cunkoso, da wuya fuskarsa ta yi kore. Duk wanda ya daɗe yana bugawa ya san gajeriyar hanya: ka karkashe, ka rushe wurin bautarsu ka gina naka, nan take fuska ta yi kore, aljihu ya cika. Wasan da kansa yana ba ka lada a kan hakan.

Wani dare na ci Sirta, na kai hannu zan danna na ukun, ashe Baba yana tsaye a bayana da buta a hannu. Ya ce, "Kai, wannan ihun na mene ne?" Na ce, "Baba, gari na ci." Ya ce in bayyana masa rubutun da ke allon, na fassara masa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "To wanne za ka danna?" Na nuna masa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Idan ka kashe su, wa zai noma abin da za ka saya?" Na ce ai wasa ne kawai. Ya ce, "Na sani. Hannu dai yake sabawa." Ya ajiye butar ya zauna a bakin katifa, abin da bai saba yi ba, ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Bayan gobarar 2011, lokacin da ba shi da ko sisi, wani manomi mutumin Ham daga wajen Kwoi, wanda suka yi shekaru suna ciniki, ya aiko masa da buhunan citta ya ce ya sayar, in ya samu ya biya. Babu takarda, babu shaida. Da wannan ya sake tsayawa da ƙafarsa. Ya ce, "Ban ce maka kowa haka yake ba. Wanda ya ƙona rumbun ma mutum ne. Amma kai ɗan kasuwa ne, ka riƙa lissafi da duka biyun."

Ba zan yi maka ƙarya in ce daga ranar na zama waliyyi ba. Amma na sake sabon wasa da Kartaj, na ce bari in gwada hanyar Baba. Zagayen farko na aika jakada Sirta na nemi izinin ciniki da ƙawance, na haɗa da kyautar kuɗi. Na rage haraji a garuruwan da na ci, na bar musu wuraren bautarsu. Gaskiyar magana ya fi wuya, kuɗi ba sa taruwa da sauri, dole ka ajiye sojoji masu yawa suna gadi. Kuma jakadancin wasan nan ba shi da amana: bayan wasu shekaru Numidiya ta karya alkawari ta kewaye mini gari babu dalili, domin haka aka gina kwamfutar, duk wanda kuka haɗa iyaka da shi sai ya far maka. Amma shekarun nan na zaman lafiya su suka ba ni damar kwashe rundunata zuwa Sisili na kori Scipii, abin da ban taɓa iyawa ba a mataki mai wuya. A nan na ga bambancinmu da wasan. Su an rubuta musu cewa dole su ci amana. Mu babu wanda ya rubuta mana.

Da aka sassauta doka abokina ya fara zuwa, ya tsaya a bakin titi ya kira ni a waya, domin ba ya son shigowa lungu. Muka haɗa kwamfutocin biyu da waya a shagon wani mai caji da ke tsakanin unguwanninmu. A irin wannan karawar kowa ana ba shi dinari daidai da na ɗan'uwansa, ya sayi sojojin da yake so, a fili ɗaya. Nan ne kawai na ga an yi adalci a wasan, kuma nan ma don an cire ƙasa da tarihi da maƙwabta ne. Ya ci ni sau uku a jere da mahayan nan nasa marasa sulke, suna jifa suna gudu har giwayena suka haukace.

A 2021 aka sake fitar da wasan da gyare-gyare, aka buɗe daulolin da a da aka kulle, har da Numidiya, ba sai an yi satar hanya ba. Aka kuma ƙara ɗan kasuwa cikin wakilan da ake aikawa ƙasashe. Na aika wa abokina saƙo na ce ga shi an ba ku kujera, mu ma an san da zamanmu. A 2023 kuma cutar da ta afka wa citta a kudancin Kaduna ta ruɓar da gonaki, ba ta tambayi kowa coci yake zuwa ko masallaci ba. Manomi ya rasa, mu masu saye muka rasa, direba da ɗan dako suka rasa. A shekarar Baba ya yafe wa ɗan manomin nan kuɗin da ya ba shi, ya ce tsohon bashi ne yake ragewa.

'Yan'uwa, ban rubuta wannan don in ce kukanmu ba gaskiya ba ne. Wanda aka haifa a gari, aka haifi ubansa a gari, yana biyan haraji a gari, bai kamata a riƙa tambayarsa asalinsa ba kafin a ba shi takarda, kuma zan ci gaba da faɗin haka a ko'ina. Abin da nake roƙo shi ne, kafin mu yanke hukunci cewa mu kaɗai aka ba wasa mai wuya, mu samu mako guda mu zauna a kujerar maƙwabci mu ga yadda tutarmu take daga can. Su ma ina roƙonsu haka. Ni dai na gwada a kwamfuta, na ji kunya, kuma kunyar ta amfane ni.

Ga masu son gwada wasan kuwa, shawarata kada ku fara da Kartaj ko Numidiya. Ku fara da Brutii a matsakaici har hannu ya faɗa, kuma duk wanda ya ga aladu sun doso, ya janye giwayensa baya.

Allah Ya zaunar da garinmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya sa albarka a kasuwa da gona. Sai mun sake haɗuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.